Gurasar Farko ta Mohan

Shekara shida ke nan da rasuwar Mohan, Ba'indiye mabiyin addinin Hindu, wanda muka yi dako tare a wani sito a Birnin Masana'antu na Biyu, nan Riyad.

Kullum ya gasa gurasa, ta farko ba ta shiga bakin mutum. A garinsu, in ji shi, saniya ake ba wa. Nan babu saniya, sai ya riƙa gutsuttsura ta a madara yana kai wa kuliyoyin bayan sito. Ni mutum ne mai yawan wasiwasi. Na daɗe ina tsoron ko tsafi ne. Na tambaye shi me ya sa ba zai ba su ragowa ba. Ya yi dariya, ya ce da guntun Larabcinsa, "Abokina Sani, ragowa ai zubarwa ce. Ta farko ita ce kyauta." A addininsu, ya ce, duk mai numfashi yana jin yunwa irin taka.

Da azumi bai taɓa shan ruwa a gabanmu ba. In la'asar ta yi, shi ke ɗauke mana manyan kwalaye.

Zuciyarsa ce ta tsaya. Na raka akwatinsa har Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, don a gida za su ƙone shi bisa al'adarsu. Na tsaya, kuka kawai na yi.

Washegari kuliyoyin suka zo. Na kasa ci. Na je wurin limaminmu na ce, "Malam, in na ci gaba, na yi koyi da wani addini?" Ya ce, "Sani, ciyar da dabba sadaka ce. Gyara niyyarka, ka daina wahalar da kanka." Tun daga ranar ban fasa ba su gurasar farko ba.

Yanzu kafil, ubangidana a nan, ya ce ba zai sabunta min iƙama, takardar izinin zama, ba. Wata mai zuwa zan koma Gusau. Da Mohan na nan, na san ba aikina zai fara tambaya ba. Zai ce, wa zai ba su?

Jiya na roƙi tsohon Basudanen da ke gadin ƙofa ya riƙa ciyar da su. Ya ce, "Ba komai, ragowa ba ta yankewa."

Na ce, "A'a, Baba. Ta farko."