Tsagar Sibiri

Tsaga uku ce, ƙanana, a jere, kamar waɗanda ake yi wa jariri a kumatu. Na gan su ranar da nake wanke wa Kawu Lasina kayan cikin injin babur ɗinsa a tsohon kwanon kananzir. Suna jikin wani ƙarfe mai yatsu biyu da makanikai ke kira cokali, wanda ke tura haƙoran giya su shiga juna. Ƙarfen ya ɗan karkace ta gefe ɗaya. Na shafa tsagar da farce, na ji ba karcewa ba ce, wani ne ya zauna ya yi ta da gangan. Na ɗaga kai zan yi magana, na tarar Kawu ya duƙufa yana ƙirga ƙwayoyin boris a tafin hannunsa, leɓensa na motsi. Sai na ajiye ƙarfen a kan buhu tare da sauran. Ni dama ba gwanar magana ba ce. Shekara huɗu na yi a jami'a a Wagadugu ban taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Kawu Lasina Milogo yayan mahaifiyata ne, shekarunsa saba'in da ɗaya. Malamin gona ne na auduga kafin ya ajiye aiki. Shekara talatin ya yi yana zagaya ƙauyukan da ke kewaye da Bobo a kan wannan babur, baƙi, mai giya uku, da ya saya a hannun wani fada ɗan mishan da zai koma ƙasarsu. Duk tsawon shekarun nan bai taɓa buɗe injin da hannunsa ba. Sibiri ne ke buɗewa, wani makanike a bayan tashar jirgin ƙasa wanda ba ya yarda mai babur ya tsaya masa a kai. Da Sibiri ya rasu, babur ya shiga ɗakin ajiya, kaji suka yi ta ƙwai a ƙarƙashinsa har shekara goma sha tara.

Saboda Tanti Korotimi, matarsa, aka fito da shi. Shekara biyu ke nan da ta fara mantuwa. Da farko gishiri ne a miya, daga baya sunayen maƙwabta, ranar nan kuma ta wayi gari ta ga wani tsoho a tsakar gidanta tana tambayata wa ya ba shi izinin shigowa, alhali Kawu ne. Dalilin da ya sa aka turo ni, Barakisa, gidan ke nan, tunda na gama karatu ban sami aiki ba.

Mijinta kam ba ta manta shi ba. Tsohon ne ba ta sani ba. Kullum bayan la'asar takan ɗauki kujerarta ta zauna a ƙofar gida tana jiran Baban Jeneba, kamar yadda take kiran mijin nata, ya dawo daga ƙauye. Babura ba sa ƙarewa a layinmu, amma ba ta ɗaga ido ta dube su, kunne take kasawa.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "Shi idan ya zo gindin mangwaro sai ya sauko daga giya ta uku zuwa ta biyu, ya ɗan murza. Idan ya zo kwalbati ya sauko ɗaya, ya sake murzawa. Sau biyu. Daga nan nake ɗora ruwan wanka."

Kawu na tsaye a bayanta ranar da ta faɗi haka, da buta a hannunsa.

Jeneba, 'yarsu tilo, ma'aikaciyar jinya ce a Abijan. Ta bugo waya ta ce za ta zo kafin damina ta tafi da uwarta. Ina jin muryarta daga inda nake tankaɗe.

"Baba, tsoronka take ji. Barakisa ta ce idan ka shiga ɗaki ɓoye zannuwanta take yi. Mace za ta zauna da baƙo a gida ɗaya?"

"Idan ta gane ni fa?"

"Idan ta gane ka a gabana, na bar maka ita."

Ta faɗa ne don a rufe maganar. Shi kuwa washegari ya share ɗakin ajiya.

Injin bai ba shi wuya sosai ba. Mako biyu ya yi, ya wanke, ya goge fulogi, ya zuba sabon mai, a bugu na tara babur ya tashi, hayaƙi ya cika tsakar gida. Kawu ya tsaya yana murza shi yana kallon ƙofar ɗakinta. Tanti ta fito da tsintsiya.

"Bawan Allah, wa ya ce ka taɓa babur ɗin mijina?"

"Shi ya ce in gyara masa."

"To ka yi a hankali. Ba ya son a taɓa masa kaya."

Ƙara a tsakar gida ba ta isa ba. Dole ya zo daga gindin mangwaro, ya sauko sau biyu.

A nan giya ta ƙi. Lokacin da yake haɗa kayan ya ga cokalin nan a karkace, ya ce shekaru ne suka lanƙwasa shi, ya kai wa maƙeri aka dake shi a kan uwar maƙera ya miƙe sambal. Yanzu lamba ɗaya na shiga lafiya. Da ya taka biyu sai a ji ƙarar haƙora kamar ana niƙan tsakuwa, babur ya faɗa firi, injin ya yi ta kuka ba ya ja. Uku kuwa ba a ma kaiwa gare ta.

Ya ce wayar kuloci ce, ya ɗaure ta, ya sassauta, ya sauya sabuwa. Ya ce man ne ya yi kauri, ya zubar ya zuba wani. Ya ce sifirin ne ya saki, ya yini a kasuwar tsofaffin ƙarafa yana tonon tsibi har ya samo mai kama da shi. Duk buɗewa ɗaya yini guda take ci, don idonsa ya yi rauni, sai ya shafa noti kafin ya san girmansa. Makanikan bakin titi suka leƙa suka ce ba su taɓa ganin irin wannan inji ba, ya sayar wa masu gwangwan ya huta. Sau shida ya buɗe, sau shida ya rufe. Mangwaro ya nuna ya fara ƙarewa.

A buɗewa ta bakwai Yero Sidibe ya zo. Tsohon mai faci ne, Bafulatani, rumfarsa na jikin garejin Sibiri a da. Tsakaninmu 'yan ƙabilar Bobo da Fulani akwai wasa, shi ya sa tun daga zaure ya fara.

"Ina bawan nan nawa? An ce giya ta gagare ka. Na ce ƙarya ne, Bobo giya ba ta gagararsa, sai dai idan ba ta tukunya ba ce."

"Ɓarawon shanu, da ka shigo ka ƙirga mini kajina."

"Kajinka ƙashi ne zalla, kamar mai su. Barakisa, ba wa ubangidan kawunki ruwa."

Ya tsuguna a gaban buhun yana juya ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, yana ci gaba da tsiya. Da ya zo kan cokalin sai ya ɗauke shi. Ya kai shi kusa da ido, ya juya shi, ya kalli gefensa.

"Lasina, wa ya miƙe wannan?"

"Ni. A karkace yake."

"Ba ka ga tsagar ba?"

"Wace tsaga?"

"Irin ta fuskar Sibiri." Yero ya sa babban yatsa a wurin. "Mutumin nan ba ya sayen sabon kaya, ai ka sani, a lokacin ina za a samu? Idan haƙori ya cinye, sai ya lanƙwasa cokali ya bi shi. Ya ɗan lanƙwasa, ya rufe, ya hau, ya saurara, ya dawo ya ƙara. Wani lokaci mako guda. Idan ya dace sai ya yi masa tsaga uku, ma'ana kar kowa ya taɓa. Duk yaran garejin sun san haka." Ya ajiye ƙarfen a hankali. "Kai ka zo da iliminka na malamin gona, komai sai ya tsaya a layi kamar kunyar auduga."

Kawu bai rama ba. Tunda nake ban taɓa ganin Bafulatani ya yi masa tsiya ya yi shiru ba.

"Yaran nasa fa?"

"Ɗaya na can garin Buwake, in yana da rai. Sauran ƙasa ta rufe."

"Kai kana gefensa shekara ashirin. Nawa ya lanƙwasa shi?"

"Taya nake liƙewa, ɗan'uwa. Ban sani ba."

Bayan Yero ya tafi na zauna ina goge abin da ba ya bukatar gogewa. Da ƙyar na ce, "Kawu, ni na ga tsagar. Tun ranar farko."

Ya jawo buhun gabansa.

"Miƙo mini sifana lamba goma," ya ce.

Saura kwana goma sha ɗaya Jeneba ta iso. Ya fara lanƙwasa cokalin da kintace, yana tambayata, "Haka yake? Ko ya fi haka?" Ni kuma abin da na riƙe kawai shi ne ya karkata hagu. A gwaji na farko biyu ta shiga ta riƙe taku goma sannan ta fita. Ranar ya ci tuwo malmala biyu. A na biyu ya ƙara kaɗan, ɗaya ma ta ƙi. A na uku ya rage. A na huɗu ƙarfen ya tsage daidai gindin yatsa, mai walda ya liƙe ya ce ƙarfe ya gaji, ba ya ɗaukar alkawari. A na biyar yatsan ya ɓalle a cikin inji. Kawu ya juye man a kwano ya tsamo guntun, ya riƙe shi a tafin hannu kamar haƙorin da ya faɗi.

Jeneba ta iso ran Alhamis, motar komawa ta Asabar da yamma ce. Ran Juma'a ya haɗa injin da cokali mai yatsa ɗaya, ya maƙale shi a lamba ɗaya. Bayan la'asar ya sa tsohuwar rigarsa ta kaki, wadda yanzu ta yi masa yawa, ya tura babur ta ƙofar baya har gindin mangwaro. Tanti na kan kujerarta. Jeneba na tsaye a bayanta ta naɗe hannu, ni ina daga cikin zaure.

Muka ji ya tashi. Ya taho a hankali, injin na ihu don an hana shi sauya murya. A gindin mangwaro ya kama kuloci ya murza, don ya yi kama da saukowa. A kwalbati ya sake. Ya iso ƙofar gida ya sa ƙafa ƙasa, babur ya nemi ya rinjaye shi, ya dafe. Ya cire hula.

"Korotimi, na dawo."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ba tsoro, ba fushi.

"Sannu, tsoho. Amma ka bar wahalar da shi haka, a ɗaya ka taho tun daga can, ina ji. Idan mai shi ya ji ka, za ku ɓata."

Jeneba ta juya ta shige ciki.

Ran Asabar aka ɗaure kaya. Tanti ba ta yi gardama ba, an ce mata biki za a je. Da ɗan tasi ya tsaya a ƙofa, ta riga ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sai ta waiwayo ta yafito Kawu da hannu. Ya taho da sauri har takalminsa ɗaya ya fita.

"Bawan Allah, na ga kai mai hankali ne. Idan Baban Jeneba ya dawo ka ce masa ba zan daɗe ba. Kar ya sha ruwan randa da zufa a jikinsa, yana sa shi tari."

"Zan gaya masa."

"Kar ka manta."

"Ba zan manta ba."

Motar ta wuce kwalbati, ta wuce mangwaro, ta karya kwana. Kawu ya koma ya sa takalminsa. Babur na jingine a jikin bango, mai na ɗiga daga ƙasansa cikin gwangwanin tumatir. Bai dube shi ba. Ya wanke hannu da yashi da sabulu, a hankali, yatsa bayan yatsa. Hadari ya fara haɗowa daga gabas, na farko a bana. Ya fita ƙofar gida ya ɗauko kujerarta, ya kakkaɓe, ya shigar da ita ƙarƙashin rumfa.