Rakiyar Mai Keke

Ni dai ban yi lakkol ba, wato makarantar boko, allo ma ban yi nisa ba. Jikata ce riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. Amma akwai abin da ya same mu a Sabha wanda ba zai bar zuciyata ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa, wato shekarar da wani saurayi mai keke ya shigo gidanmu da tambayoyinsa.

A zamanin nan ne da Libiya ta buɗe ƙofa, aka ce duk ɗan Afirka ɗan gida ne. Mu mutanen Damagaram ne. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, magini ne. Ya riga ni zuwa, daga baya ya aiko aka kai ni, muka kama ɗakuna a unguwar Hajara. Ya ɗora bulo a garin nan har bayansa ya ce ya isa, sai wani mai sito ya ba shi gadi. To nan fa cuta ta samu ƙofa. Da safe motar aiki ta ɗauke shi a bakin gida, ya wuni a kujera yana kurɓar shayi mai zaƙi kamar zuma, da yamma mota ta dire shi. Masallaci a jikin katangarmu yake. Mutumin da ya taɓa bin raƙuma a ƙasa har Bilma, sai ga shi ko kasuwa ba ya zuwa sai a tasi.

Rannan yana alwala ya kife. Likita ya ce jini ne ya hau, ga sukari ya yi masa yawa. Ya dube ni ya ce, "Zan ba shi magani, amma rabin maganin yana ƙafarsa. Ya riƙa takawa kullum. In ya sake irin wannan faɗuwa, ɓarin jikinsa ne zai tafi."

Muka koma gida, na yi lallashi, na yi kuka, na yi fushi. Malam ya ce shi atafau. "Ke, dattijo kamata in kama titi ina yawo, ba saƙo ba aike, kamar wanda akuyarsa ta ɓace? Mutanen Damagaram su ce na zautu? 'Yan sanda su tare ni su ce ina za ka, in ce babu?" Ya juya ya ba ni baya. Ƙafafunsa kuwa kullum ƙara kumbura suke, takalmi ma ya daina shiga. Ina kwana ina tashi da tunanin ranar da zan riƙa juya shi a shimfiɗa a ƙasar da ba tamu ba.

Ana cikin haka sai ga saurayin nan da la'asar, ya jingina kekensa ya yi sallama. Ɗalibi ne a jami'a, ɗan Ghuddwa, inda ake noman dabino. Yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, wai a bakin kakarsa ya tsinta, sai dai mace da namiji duk "kai" yake ce musu. Ya ce bincike yake kan yadda mutanen gari ke zirga-zirga: wa ke takawa, wa ke hawan keke, wa ba ya motsi sai da mota, da yadda hakan ke taɓa lafiyarsu. Ya ce garin da mai ya fi ruwa araha, ƙafa ce ke fara mutuwa. 'Yan uwansa ma dariya suke masa, wai ɗan jami'a a kan keke kamar lebura.

Malam ya sa na kawo shayi. Yaro ya yi ta tambaya, Malam na amsawa a daƙile. Da ya tashi tafiya, Malam ya ja tsofaffin silifas ya ce, "Mu je in taka maka."

To ku yaran yanzu ku saurara, don a nan maganar take. A wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai, sai an raka shi. Kuma mai gida ba ya juyawa don kansa, baƙo ne zai tsaya ya ce, "Ka koma haka nan, na gode." Sai an sallame ka kake komawa. Shi kuwa yaron nan bai san wannan ba. Ya ga dattijo na binsa, ya ɗauka hanyarsu ɗaya ce. Ya kama kekensa yana turawa, yana ta zuba labari. Suka wuce masallaci, suka wuce mai burodi, suka wuce inda ake shiga ƙananan bas. Malam na jiran a ce masa ya koma, ba a ce ba, shi kuma kunya ba ta bar shi ya juya ba.

Ana gab da kiran magariba ya faɗo gida, riga sharkaf da gumi, yana huci. "Wannan yaro ba shi da tarbiyya! Sai da ya kai ni kusa da jami'ar tasu, sannan ya dube ni wai, Baba, kai kuma ina za ka?"

Na toshe baki da mayafi don kada dariya ta tona ni. Amma na lura ranar ya cinye tuwonsa tas, kuma da safe shi da kansa ya ce jikin ya yi masa sakayau.

Da yaron ya dawo ƙarasa tambayoyinsa, na tare shi a zaure kafin Malam ya fito, na warware masa abin da ya yi. Ya dafe kai, ya ce, "Wallahi Inna ban sani ba! Bari in ba shi haƙuri." Na ce, "Ɗana, kul. In kana son Allah ka riƙa zuwa, kuma kada ka sallame shi da wuri." Na gaya masa maganar likita. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Inna, kai mugu ne."

Haka aka yi ta yi. La'asar ta yi sanyi, sai ka ji ƙararrawar keke. A sha shayi, wanda na riƙa rage wa sukari a hankali, sai a fita rakiya. Tambayoyinsa na gaske suka ƙare, ya shiga ƙirƙiro wasu. Malam na mita, amma ba ya fashi, don yanzu in wani ya tambaye shi ina za shi, yana da amsa mai mutunci: baƙo na raka. A hanya yaron ya riƙa tsayawa yana duba inda babu inuwa, da inda motoci ke matse mai tafiya a ƙasa har jikin katanga, ya ce duk wannan zai shiga bincikensa. Su biyu suka zama abin kallo a Hajara, tsoho da carbi, yaro da keken da ba a hawa. Kumburi ya saɓe. Takalmi ya shiga. Ranar da muka koma wurin likita, ya auna shi ya sake aunawa, ya ce, "Madalla, Alhaji, ka ji magana."

Amma baƙo raɓa ne. Yaro ya gama karatunsa, aka tura shi Tarabulus. Ya zo sallama da kwandon dabinon garinsu. Malam ya raka shi, ya daɗe bai dawo ba, da ya shigo kuma idonsa ja.

Washegari la'asar ta yi, ba ƙararrawa. Malam ya baje a tabarma, ya miƙe ƙafafu. Jibi ma haka. Na ga aikinmu zai koma ruwa. Sai na shiga ɗaki na ɗauko mayafin unguwa, na tsaya a kansa.

Ya ce, "Ina zuwa?"

Na ce, "Barka zan je, can bayan kasuwa. Tashi ka taka mini."

"Ke baƙuwa ce?"

Na ce, "Tun ina yarinya aka kawo ni gidanka baƙunta, Malam, ko sau ɗaya ba ka taɓa raka ni ba."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya jawo takalminsa yana murmushi, ya ce, "Ke da ɗanki mai keke kun zaci ban gane ba? Tun zuwansa na uku na san ke kika hana shi sallamata. Mu je. Amma ke dai kin san al'ada, in mun kai mai burodi ki ce in koma."

Na ce, "To."

Ban ce ba. Ranar ban ce ba, gobe ma ban ce ba. Muka taka titunan Sabha tare, shi a gaba ni a baya, daga baya kafaɗa da kafaɗa, har shekarar da muka tattara muka koma gida, kuma da ƙafarsa ya sauka daga mota a Damagaram. Ya ga auren wannan mai rubutun kafin Allah Ya karɓi abinSa.

Ban sake jin labarin yaron nan ba. In yana raye Allah Ya ba shi masu raka shi. Abin da na koya dai shi ne, babba ba ya ƙin magani, abin da zai zubar masa da girma yake ƙi. In kana son ka ceci naka, kada ka ja shi ta inda yake jin kunya. Nemo ƙofar da zai bi da rawaninsa a kai, ka buɗe masa, ka yi kamar ba kai ka buɗe ba.