Bakin da na kai lakwal

Wannan ba tatsuniya ba ce. Da rana tsaka ta faru, a ƙofar gidana, mutane suna kallo. Ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce a rubuta yadda na faɗa.

Garinmu yana kudu da Tanut, bakin hanyar da manyan motoci ke bi daga Damagaram zuwa Agadas. A nan na tashi, kuma da harshe huɗu na tsufa. Hausa a nono na sha ta. Buzanci a bakin rijiya na tsince shi, don rijiyar Damargu zurfi gare ta, sai raƙumi ya yi nisa da igiya kafin guga ta leƙo, a cikin wannan jira ake hira. Fillanci wajen musayar hatsi da nono, Barbarci kaɗan wajen wata maƙwabciya. Ba wanda ya zaunar da ni. In faɗi magana a karkace, matan Buzaye su yi dariya har da riƙe ciki, su gyara mini, gobe in dawo da wata karkatacciyar.

Faransanci ne ya gagare ni, don ba ya zuwa rijiya. Shekarar da maigidana ya kwanta ciwon ajali, muka kai shi likita a Damagaram. Likitan ya yi magana mai tsawo yana duban fuskata, mai fassara ya taƙaita mini ita a kalma uku. Maigida ya rasu, Allah ya jiƙansa, har yau ban san sauran maganar ba. Tun a motar dawowa na ce gidan nan sai ya sami baki nasa na kansa.

Shi ya sa na kai jikata lakwal, makarantar boko ke nan. Ubanta, ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ce za a rasa hannu a rijiya da turmi. Na ce ga nawa hannun. Na karɓi dakanta, na karɓi tulunta, da tsufana.

Kullum bayan la'asar takan zauna gindin aduwa da kayenta, littafin rubutunta ke nan, tana rera karatu. Na tambaye ta mene ne, ta ce nahawun Faransanci ne. A ɗauki kalma guda, a bi da ita ta kan ni, da kai, da shi, da mu, da ku, da su. A gama a koma jiya, a koma gobe, a koma wata jiyan da ta riga jiya. Kowace da layinta. Da na ji yana tafiya da kari kamar hadda, sai na ce ai na san wannan, karatu ke nan. Na ɗauki kara na zauna gefenta. Ban san ma'anar ko ɗaya ba, amma kunnena ya riƙe muryar, in ta yi tuntuɓe in bugi tabarma, ta koma farko. Kayen kuwa na ɗinka masa jaka, na rataye shi sama, ba mai taɓa shi da hannun miya. Shekara biyar muna haka. Ko sau ɗaya ban ce mata ta roƙe ni ruwa da harshen ba.

Sai ranar da mota ta mutu a ƙofarmu, cikin bazara. A cikin fasinja akwai wata mata daga can bakin teku, da goyo, ba ta jin Hausa ko ta gaisuwa. Ta nufo inuwarmu tana magana da sauri, tana nuna yaron. Mata suka taru. Na gwada ta da Fillanci, na gwada da Buzanci, ba ta ji. Wani fasinja ya ce Faransanci take yi. Zuciyata ta yi fari. Na aika aka kira jikata, na ce da mata su ba da hanya.

Yarinya ta zo ta tsaya. Matar ta sake maganarta a hankali. Na ga leɓen jikata yana motsi ba sauti, idonta a sama, yatsunta suna lissafi a gefen zane. Matar ta sake faɗa karo na uku. Wata maƙwabciyata mai kaifin baki ta ce, "Iya, ko a sauko da kayen ne ya yi mata magana?" Aka yi dariya. Yarinya ta juya ta shige ɗaki.

Da hannu na gama aikin. Na taɓa jikin yaron na ji shi kamar garwashi, uwar ta nuna mini zanen goyon, na gane zawo ne. Na shimfiɗa tabarma, na ba da ruwa, na sa aka kira ma'aikacin likita. Kwana biyu suka yi kafin ƙarfen gyaran motar ya zo daga Damagaram. A kwana biyun nan na koyi ruwa da Faransanci, na koyi zauna, na koyi na gode. Ina faɗa a karkace, tana dariya irin ta matan rijiya.

Da suka tafi na tambayi jikata abin da ya kama ta. Ta ce, "Kaka, duk abin da ta ce na ji. Amsar ce ban san a wane layi zan ɗauko ta ba. Kar in yi kuskure."

Ubanta ya ce to an gani, ta koma rijiya. Na roƙe shi ya ƙara mata shekara guda, ya yi shiru, na ɗauki shirun a matsayin yarda.

Washegari na yafa mayafi na tafi wajen mushe, malaminsu na lakwal. Ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni kujerarsa. Ya buɗe takardun jikata yana nuna mini, wai duk ajin ba wadda ta kai ta, jan biro ba ya taɓa aikinta. Na ce, "Mushe, baki na kawo maka, ka maido mini da takarda." Ya ce yara sun cika aji har bakin ƙofa, in kowa zai yi magana sau ɗaya rana ta faɗi. Ya ce jarrabawa a rubuce ake yin ta, ƙa'ida take tambaya, kuma ba a gina ɗaki sai da ginshiƙi. Na ce shekara biyar ana kafa ginshiƙi, yaushe za mu shiga inuwa? Bai ji haushi ba. Ya tambaye ni, in ta koma gida da wa take magana, kuma me nake sa ta yi. Na tuna karana da tabarmata. Na yi masa sallama.

Da yamma na karya karan na sa a murhu. Na ja jikata bakin turmi na ce, "Ƙawata, ina daka, ke kuma ki ba ni labarin yininki da Faransanci. Ni ban san daidai ba, ban san kuskure ba. Duk abin da kika zubo, hatsi ne a wurina."

Ranar farko kalma biyu ta yi ta tsaya ta gyara kanta. Na ci gaba da daka kamar ban ji ba. Har damina ta faɗi muna haka, tana faɗa tana komawa baya tana gyarawa, ni ina cizon leɓe. Bayan girbi na taɓa jin ta a bayan gida tana yi wa awaki faɗa da Faransanci, tiryan-tiryan ba tsayawa. Tana ganina ta yi shiru.

Jarrabawa ta zo ta ci, aka ce za ta kwaleji a Tanut. Ubanta bai sake maganar rijiya ba, mata suka zo barka, har mai kaifin bakin. Na karɓi barkar. Amma watan jiya ƙafata ta kumbura, ta raka ni likita a Tanut, muka sami baƙon likita wanda bai iya Hausa ba. Ya yi tambaya. Na ga yatsun nan sun fara lissafi a gefen zane. Na daki ƙasa da sandata sau uku, yadda taɓarya ke faɗawa turmi. Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta amsa masa da murya ƙasa-ƙasa, sai da ya sunkuyo ya ji.

Ya yi bayani mai tsawo. Ta juya mini shi duka, ba ta rage ba. Na ce ta tambaye shi ko zan iya komawa daka. Ta buɗe baki, ta rufe, ta ce mini tana zuwa, bari ta shirya maganar tukuna. Kafin ta shirya ya kira na bayanmu.