Malamar da Ta Ƙi Cire Mutuwa Daga Wasan Gini

Ɗalibai ne suka sa mata Mugun Baki. Ta sani, ba ta kuma taɓa neman a canza ba.

Kafin ta shigo jami'a, shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin injiniya a wuraren gini. Wata damina ta leƙa ramin harsashi, ta ce gefensa zai rufta. Ɗan kwangila ya ce, "Haba Hajiya, ki riƙa yi mana fatan alheri mana." Ta ji kunya, ta ja bakinta. Ranar Laraba ramin ya rufta da magina biyu, ɗaya aka ciro da rai.

A ɗakin kwamfuta na hawa na biyu, mai fanka uku da ɗaya ce kawai ke juyawa, take koyar da yadda ake hango matsala kafin ta afka wa aiki. Wasan kwamfuta ta haɗa da hannunta: za ka gina ƙaramin asibiti cikin mako ashirin. Kafin ka aza bulo ɗaya, sai ka rubuta duk masifar da za ta iya samun aikin, da abin da ka tanadar mata. Wadda ka ƙi rubutawa, ita wasan ke aiko maka. Kuma in ta auku ta auku, babu maɓallin komawa baya.

Ɗalibai sukan rubuta siminti zai makara, ruwa zai tsayar da aiki. Amma layin hatsarin ma'aikata, fari fat suke barinsa.

"Malama, ni fa babana birkila ne," in ji wata ɗaliba. "Wallahi hannuna ba zai iya rubuta wani ya faɗo ba."

"To ɗiyata, bar shi. Allon zai rubuta miki."

A mako na tara na wasan, wani ɗan mutum a allon ya zame daga kan tsani. Yarinyar ta fice tana kuka, kafin azahar ƙara ta isa ofishin shugaban sashe, ya aika a kira Malama.

"Yaran nan kuka suke yi," ya ce. "Ki cire mutuwar nan, ki ba su damar sake farawa. Wasa ne fa."

"Ranka ya daɗe, a wurin gini wa ya taɓa sake farawa?"

"Ko ki cire, ko in ba wani darasin."

Darasin nan shi kaɗai ya sa ta baro gini.

"Gara su yi kukan a gaban kwamfuta," ta ce. "Ni a gaban matar maginin da ya rasu na yi nawa."

Ranar Litinin masinja ya kawo takardar karɓe darasin, ya karɓi mukullin ɗakin yana ta sunkuyar da kai. Bai san tun farkon zango ta rubuta zuwansa a nata jerin masifun ba, lamba ta huɗu, ta kuma gyara wasan ya yi aiki a waya.

Washegari ta jawo benci zuwa ƙarƙashin matattakala. Cikin ɗalibai sittin, bakwai suka zo, suna waige-waige.

"Ku matso, ba na cizo," ta ce. "Wa zai fara faɗa mini yadda za a kore mu daga nan?"