Jan Ƙyallen Lamba-Goma

Matso kusa, ɗan'uwa, ga benci nan. Kakkaɓe shi tukuna, bencin gareji ba ya rasa baƙin mai. Labarin wani bakanike zan ba ka, wanda ake ce wa Lamba-Goma saboda sifana mai lamba goma da ba ta barin aljihun rigarsa, ko da gaisuwar surukai zai je.

Shekararsa ashirin da biyu yana gyaran babur a ƙarƙashin rumfar kwano guda. Shi ya koya wa ƙanensa, Auta, hawa, yana riƙe da bayan babur yana bin sa a guje har takalminsa ya tsinke. Yau Auta ɗan tsere ne, kofunansa uku na kan talabijin ɗin Baba, kullum ana goge su da tsumma na musamman. In baƙo ya zo, Baba sai ya ba da tarihin kowane kofi. In aka nuna Lamba-Goma aka tambaya, sai ya ce babban ne, yana ɗan taɓa gyare-gyare.

Ɗan taɓa! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga abin da Baba bai sani ba. Babur na titi, giya ta ɗaya ƙasa ake takawa, sauran a ɗaga su sama. Na tsere kuwa a juye yake: ta ɗaya sama, sauran ƙasa. Dalili, in mahayi ya kwanta a kwana har gwiwarsa na gogar kwalta, babu inda zai cusa ƙafa a ƙarƙashin sandar giya, takawa kawai zai iya. To, Auta babur ɗaya gare shi. Da shi yake zuwa aiki shagon buga takardu, da shi yake tsere. Saboda haka duk safiyar Asabar Lamba-Goma ke kwance noti guda, ya juya ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar da inji, ya ɗaure, sannan ya ƙulla jan ƙyalle a kan babur ɗin, alamar an juya.

Wata Asabar Baba ya ce yau da idonsa zai ga tseren. Tun da hantsi ya biyo ta gareji da sabuwar hula, ya leƙa, bai ko zauna ba, ya ce wa babban ɗansa ya wanke babur ɗin da kyau, kada yaron nan ya ji kunya a gaban mutane.

Da ya wuce, Lamba-Goma ya tsuguna da sifana a hannu, ya daɗe yana kallon notin. Ya lissafa abin da zai faru in bai juya ba. A mota ake kai babur ɗin filin tsere, Auta kuma sarkin makara ne, sai an kusa tashi yake hawa. Zai ɗaga sanda, ya faɗa giya ta biyu yana zaton ta ɗaya ce. Zai taka don ya ƙara, sai babur ya koma baya da giya, inji ya yi ta kururuwa, kowa ya wuce shi, Baba na kallo da sabuwar hularsa. Sau ɗaya dai, kowa ya san wane ne ke riƙe da kofunan nan.

Ya mayar da sifanar aljihu. Ya ƙulla jan ƙyallen.

Auta ya iso a makare kamar kullum, yana tauna wani abu, ya tura babur ɗin zai ɗora a bayan mota. Lamba-Goma ya ji bakinsa ya tambaye shi ko ba zai gwada giyar ba.

"In Yaya ya ɗaura ƙyalle, me zan gwada?" in ji Auta, bai ko waiwayo ba. "Ni ƙafata nake kaiwa, sauran ai naka ne."

Nan Lamba-Goma ya tuna abin da ya tsallake a lissafinsa da gangan: in giya ta koma baya ana cikin gudu, tayar baya kan cije ta zame, kuma babura goma ne za su biyo bayan yaron da ya taɓa goyawa.

"Sauko da shi."

Ya tsuguna ya kwance, ya juya, ya ɗaure. Auta na tsaye a kansa yana ƙyalƙyala dariya, wai tsufa ya fara kama Yaya, gara a nema masa tabarau da ɗan littafin tuni.

Na uku Auta ya zo ranar. Kofi ya zama huɗu, kuma a karon farko sunan Lamba-Goma ya shiga tarihin Baba. Yanzu in baƙo ya zo, Baba kan ɗaga kofin ya ce wannan da ƙyar aka same shi, don babban ya kusa halaka masa yaro da mantuwa, Allah ne ya kiyaye. Lamba-Goma na zaune a bakin ƙofa, yana shafa aljihunsa, yana shanyewa.

Har yau shi ke juya giyar. Auta bai taɓa gwadawa ba, shi kuma bai daina jin zafin kofunan ba. Sau biyu yana buɗe baki zai ce ba mantuwa ba ce, yana rufewa.

Kai da ka ji, in kai ne, za ka zauna a matsayin mai mantuwa har ka mutu, ko za ka faɗa wa Auta gaskiya, ya fara gwada giyarka?