Anti Mai Ajiya da Hular Kafinta

Tun kafin masu shaguna su buɗe, Anti ta riga ta share tsakar makarantar rainon yaran nan ta bayan layi, ta kakkaɓe tabarmi, ta jera 'yan kujeru da kofuna, ta leƙa bayi ta ga ko da ruwa. Sai ta gyara zaman tabaraunta a karan hanci, ta zo bakin ƙofa ta durƙusa. A durƙushe take karɓar yara, don ta ce ba a gaisawa da mutum ta saman kansa. Shekara da shekaru tana haka, har gwiwoyi suka fara kai ƙara, likita ya ce ta huta. Makon jiya aka yi mata taron sallama, kuma wallahi bai kamata labarin matar nan ya tsaya a layi ɗaya ba.

Anti Mai Ajiya ake ce mata, kuma sunan yana da dalili. A wurinta doka ce, uwa ko uba ba ya sulalewa ya gudu don ya ga hankalin yaro ya tafi kan abin wasa. Sai ka tsaya ka yi sallama, sannan ka ba yaron ajiyar wani abu naka ya riƙe maka har ka dawo. Yaro ba ya gane "anjima", in ji ta, amma ya san Umma ba za ta kwana ba tare da makullin ɗakinta ba. Shi ya sa in ka leƙa ajin za ka sha dariya: wannan ya rungume lemar uwarsa, wancan ya rataya agogon ubansa har gwiwar hannu, kowa na ji da kansa kamar an ba shi gadin gari.

Wanda ya fi kowa ba da shaida a kanta shi ne Kafinta. Matarsa ta tafi asibiti haihuwa, ta shafa kan 'yarsu ta ce, "Yanzu zan dawo," Allah bai yi za ta dawo ba. Tun daga ranar yarinyar ta manne wa ubanta, ko bayi zai shiga sai ta riƙe masa wando. Ya riƙa tafiya da ita wurin aiki, tsakanin zarto da ƙusoshi, har maigidansa ya ce shi ba zai iya ganin jinin yarinya a shagonsa ba. Yayarsa kuwa ta aiko daga garinsu mai nisa cewa ƙarshen wata za ta zo ta ɗauke ta, namiji ba ya raino. Yarinyar kaɗai ta rage masa, kuma ya san in ta tafi sai dai ya riƙa ganinta shekara shekara.

Haka ya iso ƙofar Anti da yarinya maƙale a wuya.

"Anti, ki ɗan ɗauke mata hankali in zame," ya faɗa ƙasa ƙasa.

"A nan ba a zamewa, Baban yarinya. Me za ka ba ta ajiya?"

Ya laluba aljihu ya zaro hankici. Anti ta dube shi ta saman tabarau.

"Haba Malam, yarinyar nan ba wawiya ba ce. Wa zai dawo don tsumma? Bari ta zaɓa da kanta."

Yarinya ta ɗago kai, ta kalli ubanta sama da ƙasa, ta miƙa hannu ta cire masa hula. To, ashe Kafinta sanƙo gare shi tun daga goshi har ƙeya, kuma duk layin babu wanda ya taɓa ganin kansa a buɗe. Iyayen da ke bakin ƙofa suka kasa riƙe dariya. Ya dafe kai da hannu biyu yana cewa, "Anti, a rufa min asiri mana."

"Asirinka na hannun 'yarka. Je ka, ai dole ka dawo."

Ranar ta yi kuka, ba a ce ba ta yi ba. Anti ba ta hana ta ba, ba ta kuma yi mata wayo ba, ta dai zaunar da ita a cinya suna kallon ƙofa tare, hula a ƙirjinta. Da aka tashi sai ga Kafinta da gudu, kai na ƙyalli. Washegari ma haka. A hankali kukan ya ragu, hula ta fara zuwa wurin lilo, ta je wurin wanke hannu, har ta zama tukunyar wasa. Abokan aikinsa kuwa suka samu abin yi, kullum sai sun tambaye shi ko su shafa wa kan fenti ne kada rana ta ɓata shi.

Ana nan sai ranar da yayar ta iso. Ba ta same shi a gida ba, ta biyo makaranta da jakarta, a shirye ta tafi da yarinya. Kamar da gangan, ranar ce aka tura Kafinta kafa ƙofofi a bayan gari, motar da ya hau ta lalace a hanya. Aka tashi, yara suka watse, inuwa ta juya, babu shi babu labarinsa. Anti ta san in yarinyar ta birkice a idon gwaggonta, magana ta ƙare. Duk da haka ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta ɗauko kwalin fenti kamar ba komai.

"Kin gani ko?" in ji yayar. "Abin da nake faɗa ke nan. Taso, 'yata, mu tafi, babanki ya manta da ke."

Yarinyar ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta zanenta. Ta ce, "Gwaggo, zai zo. Ai hularsa na nan."

Yayar ta zauna a gefen tabarma. Can sai ga Kafinta ya shawo kwana a ƙafa, yana haki, garin katako ya yi masa fari fat a ka. Yarinya ta tashi a natse ta sa masa hularsa, ta ce ya makara. Yayar ta share ido da gefen mayafi, ta ce, "Ƙanena, riƙe abarka." Kwana biyu ta yi ta koma da jakarta kaɗai.

Anti, ke ce kika zauna a kan tabarmar nan bayan lokacin tashinki, alhali naki 'ya'yan na jiranki a gida. Ke ce kika koya wa manya da gemunsu yadda ake yin sallama da ɗan shekara uku ba tare da ƙarya ba. Uwar 'ya'yan mutane, babu wanda ya taɓa rataya miki lambar yabo, amma gidaje nawa ne kika hana su watsewa?

Ranar sallamar, makaranta ta cika ta batse. Ana cikin jawabi sai 'yar Kafinta, wadda yanzu ta kusa gama firamare, ta ratso mutane ta tsaya gaban Anti ta miƙa hannu.

"Anti, ba a tafiya haka. Kawo ajiya."

Anti ta yi dariya ta zaro hankici.

"Wa zai dawo don tsumma?" in ji yarinyar, ta sa hannu ta zare mata tabarau.

Wuri ya kaure da tafi da dariya, Anti na dariya hawaye na zuba. Kafinta ne ya yi mata jagora har gida, yana ta ce mata yau ta ɗanɗana abin da ya ji.

Mun gode, Anti. Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya saka miki da mafificin alheri. Ku kuma masu rainon 'ya'yan mutane, da mu iyaye, mu ɗauki wannan: mu durƙusa mu gaisa da yaro, kada mu sulale masa, in mun ce za mu dawo mu dawo.

Washegarin sallamar da sassafe, masu buɗe shaguna suka hango ta tana lalube a bakin ƙofar makaranta. Ta ce tabaraunta kawai ta zo karɓa. Da 'yar Kafinta ta miƙa mata ta saka, sai ga wata uwa ta iso da sabon yaro yana tsala kuka, Anti ta dafa bango ta durƙusa.