Zanen da Na Rufa wa Kwamfuta

'Yata ta fari, wadda ba na kama sunanta, malamar firamare ce a Fakuwa. Idan ta dawo gida Kankia da la'asar, sai ta zauna haɗa bidiyon biki a kwamfutarta, irin mai babban akwatin nan da ake ajiyewa ƙarƙashin tebur. Ni kuwa ƙuli-ƙuli nake yi da gyaɗar Kunduru, kuma murhuna yana dab da tagar ɗakinta.

A wata bazara kwamfutar ta yi mata nauyi. Ta je Kusada wajen ɗan yayana, mai shagon gyaran waya da kwamfuta, ta sayo wasu 'yan faifai biyu dogaye da suke kira ram. Su biyun abokan wasa ne tun suna rarrafe. Yana ce mata baiwarsa, tana ce masa ci-ma-zaune. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ya ci tuwona, su yi ta tsiya har sai na kore su daga tabarma.

Da ta sa faifan, sai ta ce bai ishe ta ba.

“Inna, kamfani yana saita ta ne ta tafi a hankali. Ni gudu nake so in ƙara mata. Amma ba a yi gaba ɗaya. Taki ɗaya ake ƙarawa, a ɗora mata aiki mai nauyi na awoyi. In ta ɗauka, a ƙara wani. Inda ta fara tangaɗi sai a ja baya kaɗan, nan ne za ta zauna daram.”

Ta fara da ƙwaƙwalwar injin, furosesa. Wannan a Asabar da Lahadi ta yi, tana zaune a gabanta, har ta sami inda ta tsaya. Saura ram. Shi gwajinsa yana cin wuni, mu kuma wutar sola muke da ita, da rana take da ƙarfi, lokacin tana makaranta. Sai ta miƙo mini littafi da biro.

“Ki riƙa leƙawa. In kin ga jan layi ya fito a allon, ki rubuta mini ƙarfe nawa ne. Kada ki taɓa komai, Inna. Taga ma ki bar ta a buɗe, iska take so.”

Ban nuna mata ba, amma na ji daɗi. Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma tun da na gama ba wanda ya taɓa neman rubutuna don wani aiki. Na ja layi a littafin, na rubuta Litinin a sama da kyau.

Da na hura wuta na fara suya, sai na ga hayaƙi yana kwarara ta tagar. Hayaƙin man gyaɗa maiƙo gare shi, duk abin da ya hau sai ya yi danƙo. A gidanmu ba a barin abu mai daraja tsirara. Rediyo da kyallensa, keken ɗinki da rigarsa. Na ɗauko zanena mai kauri, na ninka biyu, na lulluɓe akwatin gaba da baya, har na cusa gefen a ƙarƙashi. A raina ban taɓa komai ba, tagar ma a buɗe take. Da na gama suya na ɗauke zanen na mayar adaka. Haka na riƙa yi kullum.

A ranar, jan layi ya fito kafin azahar. Na rubuta. Ta dawo ta duba, ta ce ba komai, ta rage taki ɗaya. Talata ma ya fito. Ta rage kuma. Laraba ta mayar da ram ɗin yadda kamfani ya saita shi, ta ce in ya faɗi a nan, to ba daga hannunta ba ne.

A ranar ne da na zo ɗauke zanen na ɗora tafina a kan akwatin. Sai da na janye. Ya yi zafi kamar tanda, fankokin ciki suna kuka kamar za su fita. Allon kuwa ja ne har ƙasa. Nan take maganarta ta dawo mini: iska take so. Na tsaya da zane a hannu, na gane.

Da ta dawo ta ga littafin, fuskarta ta canja.

“Shi ke nan. Ruɓaɓɓen kaya ya ba ni. Ni zai yi wa haka?”

Ina tsaye a bakin ƙofa. Maganar tana bakina. Amma na tuna yadda ta ce wa maƙwabciyarmu, “Inna ce sakatariyata,” sai na kasa. Abin da na iya cewa kawai shi ne, “Ki dai bi a hankali.” Na ga ta zare faifan ta naɗe a takarda. Washegari na ji tashin mashin ɗin da ya ɗauke ta zuwa Kusada, ina tankaɗe, ban ɗaga kai ba.

Ita ta ba ni labarin abin da ya faru. Da ya hango ta sai ya ce, “Baiwa, yau da mi kika zo wa ubangidanki?” Ta zube masa faifan a tebur gaban mutanen da ke jiran wayoyinsu, ta ce ba wasa ya kawo ta ba, ya ji tsoron Allah ya daina sayar wa 'yan uwa juji. Ta juya ta tafi, ta bar masa su.

Bayan kwana biyu wani direba ya kawo faifan da 'yar takarda. Ɗan yayan nawa ya rubuta cewa ya gwada su wuni guda a shagonsa, ba ja ko ɗaya. Ba gaisuwa a takardar, ko a gare ni.

Tana ta juya takardar sai na zauna a bakin gadonta na faɗa mata. Na faɗi zanen, na faɗi ranar da na gane, na faɗi cewa ina sane na bar ta ta tafi. Sai ta ce:

“Zanen ba komai ba ne, Inna. Amma ranar Laraba fa?”

Na tashi na koma wajen murhuna.

Ta sake farawa daga tushe. Na ɗage suya kwana huɗu, na ci gaba da leƙawa, ba jan layi. Ta hau taki biyu, na uku ya yi tangaɗi, ta dawo na biyu, nan kwamfutar ta zauna.

Ranar da ta gama na sa mayafi na ce ta raka ni Kusada. Na ƙi shiga ciki inda ya shimfiɗa mini darduma. Na tsaya a bakin shagon, inda ta tsaya, da mutane a wurin, na ce kayansa lafiyayyu ne, ni ce na toshe wa injin iska kuma na yi shiru.

“Haba Goggo, don Allah ki bari. Ya wuce.”

Ita ma ta ba shi haƙuri. Ya ce ba komai, ya tambaye ta makaranta da ɗalibai, ya kira ta Malama. Ya saya mana lemo, ya rako mu har bakin titi, ya tsayar mana da mota da kansa. Muna tafe, wajen rabin hanya sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Inna, kin ji mi ya kira ni?”

Na ce na ji.